Ukasha da Zauren Kwarin Ɗinya

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Kazaure da jaka a baya, yana tambayar hanyar wani ƙauye da ko direbobi ba su san shi ba, amsa ɗaya ake ba shi: a nemo masa Ukasha. Ba shi da wuyar samu. Yana gindin dalbejiyar bakin tasha, zaune a kan babur ɗinsa, hula a karkace, yana sakace haƙori ko da bai ci komai ba. Shekarunsa sittin da uku, ya fi talatin daga cikinsu yana acaɓa. Yaran da suka shigo sana'ar a bayansa wasu sun sayi mota, wasu sun buɗe shago, sun bar shi a gindin bishiyar nan da tsohon babur ɗin da sai an lallashe shi yake tashi.

Hanya kuwa ya san ta. Ya san ta inda ake hawa dutsen bayan gari a hango madatsar ruwa shimfiɗe a ƙasa da masunta a kai, ya kuma san cewa da hantsi ake hawa, don in rana ta take dutsen ba ya takuwa. Ya san duwatsun Roni ɗaya bayan ɗaya, wanda ke da kogo, da wanda ke riƙe ruwa a kansa har tsakiyar rani, da wanda makiyaya ba sa barin awaki su hau. A kasuwar Gwiwa ya san rumfar tsohon da ke zana ƙwarya da wuƙa mai zafi, a Babura ya san inda raƙuma ke durƙusawa a sauke musu kanwa, da wanda za ka canji sefa a hannunsa ba tare da an yi maka wayo ba. Ɗaliban jami'a masu nazarin duwatsu, waɗanda ke zuwa kowace shekara da guduma suna ƙwanƙwasar dutsen da bai yi musu laifin komai ba, shi ke shige musu gaba. Haka masu allurar rigakafi, haka 'yan bautar ƙasa da aka jefo ƙauyen da ba ya cikin taswira. In yana tuƙi bakinsa ba ya hutawa, kuma rabin bayanin iska ke kwashewa, amma fasinja ba ya sauka bai ƙaru da wani abu ba.

Abin da fasinjojin ba su sani ba shi ne Ukasha ɗan magini ne. Mahaifinsa, Daudu Magini, yana cikin waɗanda suka gina soraye da zaurukan wannan yanki tun siminti bai zama abin kowa ba. Ginin ma ba shi ya fitar da sunansa ba, zayyana ce, wato zanen da ake yi a jikin bango da ɗanyar ƙasa, a fito da shi tudu-tudu da yatsu kafin ya bushe, sannan a bi shi da farar ƙasa da ja. Azara ta taɓa faɗo wa Daudu a hannun dama ta tafi da yatsa guda, saboda haka duk bangon da ya shafa sawun yatsu uku ake gani a inda wasu magina ke barin huɗu. Wanda ya san wannan ba ya buƙatar ya tambayi wa ya yi aikin.

Ukasha ne kaɗai ɗa namiji da ya rayu a gidan, don haka tun yana shekara tara aka sa shi cuɗa ƙasa da ƙafa da jefa wa uban tubali sama. Ya tsani aikin, tsana ta gaske. Ƙasa tana fasa ƙafa, rana tana cin ƙeya, ga uban ba mai magana ba ne, sai dai ya nuna maka da haɓa. Yana da shekara goma sha shida aka kira Daudu ya gina wa mai unguwar Kwarin Ɗinya zaure, wani ƙauye ne da ke maƙale a tsakanin duwatsu can bayan Roni. An gama gini, an fara zayyana, bango ɗaya ya kammala, sai wata safiya uban ya aike shi Roni sayo goro. A can ya tarar da babbar mota ana loda mata shanu za ta Kudu, direban yana neman yaron mota. Ukasha ya hau. Sai bayan shekara huɗu ya sake taka ƙasar Kazaure.

Ya dawo da shirin shan faɗa, har ma da duka. Daudu yana zaune a ƙofar gida, ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Ka ci abinci?" Shi ke nan. Bai tambaye shi goro ba, bai tambaye shi Kudu ba, kuma har ya koma ga Allah bai sake yi masa maganar gini ba. Sauran banguna uku na zauren nan shi kaɗai ya ƙarasa su, ba mai miƙo masa ƙasa. Da ya zage shi, da Ukasha ya samu abin da zai riƙe ya ce an biya. Rasuwar ma ba ta same shi a gida ba, yana kan hanyar Lokoja, sai bayan sadakar uku ya iso.

Daga baya ne ya bar babbar mota, ya auri Uwa, ya sayi babur. Kuma a kan babur ɗin ya riƙa kallon aikin ubansa yana ƙarewa. Wani soron damina ta ci shi, don ba mai yi masa yaɓe. Wani 'ya'yan gidan suka samu kuɗi a birni, suka zo suka rushe shi suka dasa bulo da kwano, gida ya koma kamar kowane gida. Biyu titi ya bi ta kansu. Ba wanda ya yi da mugunta, kuma wannan ne abin haushin, ba ka da wanda za ka kama. Yau kusan shekara goma ke nan da ya tabbatar cewa a duk faɗin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, aikin Daudu guda ɗaya ya rage a tsaye, kuma shi ne zauren da ya gudu ya bari.

Bai taɓa kai fasinja can ba. Ya kai mutane su ga dutse, ya kai su su ga rijiya, ya taɓa kai wani Bature ya ga bishiyar kuka, amma Kwarin Ɗinya ko sunanta ba ya kamawa. Ta yaya mutum zai tsaya gaban baƙi yana yabon ubansa da bakinsa? Kuma in suka tambaye shi me ya sa shi bai gaji sana'ar ba, ya ce musu me? Shi kaɗai yake zuwa, sau ɗaya a shekara, bayan babbar Sallah. Gidan yanzu yana hannun Alhaji Maikasuwa, ɗan marigayi mai unguwa, sa'an Ukasha, mutum mai fara'a da son baƙo. Sai su zauna a zauren su gaisa, a kawo fura, a yi hirar damina da farashin taki. Ukasha yana amsawa, idonsa yana satar kallon bango: ga zanen dagi babba, mai layuka a sarƙe, a saman ƙofa, ga takobi, ga wani keke da Daudu ya zana don a lokacin keke abin yayi ne, ga layuka uku-uku suna zagaye komai. Bai taɓa ce wa Maikasuwa uffan a kan zanen ba. Ɗaukar hoto ma ya sha zuwa ransa, tun da 'yarsa Sadiyya tana da babbar waya, sai ya riƙa ɗagawa. Bangon da ya yi shekara arba'in da ɗoriya a tsaye, wa zai yi tunanin yana sauri?

Da kakar bara waccan ne Malama Lubna ta zo. Ma'aikaciya ce a wani ofishi a Dutse, an ba ta aikin haɗa ɗan littafin da zai nuna wa baƙi garuruwan yankin, da wuraren kallo, da sana'o'in hannu. Ta zo da mota da direba, aka nemo mata Ukasha, ya shige gaba a babur suna bin sa. Mace ce mai tambaya, ba ta gajiya, kuma abin da ya burge shi, in ya yi magana rubutawa take yi. Shekara talatin yana zuba bayani, ba wanda ya taɓa fitar da biro saboda shi.

Kwana biyar suka yi suna yawo. A rana ta biyar, a kasuwar Gwiwa, bayan ta gama ɗaukar hoton mai zanen ƙwarya, ta juyo ta ce, "Baba, shafin gine-gine ne ya rage mini fayau. Babu wani tsohon gini mai zane a jiki da ya saura? Ko guda ɗaya ne."

"Duk sun rushe, Malama," in ji shi, ya tada babur.

Da ya koma gida da yamma ya kasa cin tuwo. Uwa ta san mijinta, shekara talatin da biyar ba wasa ba, ta matsa masa har ya faɗa mata abin da aka tambaye shi da amsar da ya bayar. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Malam, ƙarya ka yi mata ke nan."

"Ba ƙarya ba ce sosai."

"Ƙarya ce. Kana yaro ka gudu ka bar bawan Allahn nan da kwandon ƙasa, yanzu kuma da furfurarka za ka ɓoye shi. In ka mutu wa zai san ya taɓa zama a duniya? Jikokinka ko sunansa ba su iya ba."

Ba ta saba yi masa magana haka ba. Washegari da safe, kafin Lubna ta shiga mota, ya matsa kusa ya rage murya kamar mai faɗin laifi.

"Malama, akwai guda ɗaya. Mahaifina ne ya yi shi."

Ta sa ya faɗa mata komai, dagin da takobin da keken da yatsu ukun. Ta ce wannan ba shafin ciki ba ne, bangon littafin ma shi za a sa, da sunan Daudu a ƙarƙashi. Sai dai ranar take komawa Dutse, kuma zauren da ke da duhu yana son kyamara ta gaske da fitila, don haka za ta dawo bayan mako uku da kayan aiki. Ukasha ya ji wani sanyi a ƙirjinsa da ya manta rabonsa da shi. Sunan Daudu Magini a littafi, da boko, inda ruwan sama ba ya kai wa.

To, ba a kai wa mutum baƙi gidansa kwatsam, balle manyan baƙi daga Dutse. Wannan ko yaro ya sani. Ranar kasuwar Roni Ukasha ya je ya nemo Maikasuwa a rumfar masu hatsi, zaune cikin mutane. Bayan an gaisa ya ce, "Alhaji, akwai baƙi, ma'aikata ne daga Dutse, littafi suke haɗawa. Suna so su ɗauki hoton zaurenka su sa a ciki."

"Zaurena? Wannan tsohon?"

"Shi fa."

"A littafi? Har mutanen Kano da Abuja su gani?"

"In Allah ya yarda."

Sauran maganar ta zo masa har bakin leɓe, cewa zanen Baba suke so, tsufan nan shi ne abin da ya kawo su. Amma ga mutum shida a rumfar sun zuba masa ido, kuma a kunnensa maganar ta yi kama da ta mai tallar ubansa a kasuwa. Ya haɗiye ta. A ganinsa ma ba ta da amfani, ai duk mai ido ya san abin kallo a zauren nan.

"Yaushe za su zo?" in ji Maikasuwa.

"Nan da mako uku, ranar Laraba."

"Allah ya kai mu. Malam Ukasha, ka kwantar da hankalinka, wallahi ba za mu ba ka kunya ba."

Ukasha ya koma Kazaure yana jin daɗin wannan alkawari. A ransa yana hango an share ƙofar gida, an yanka kaza.

Ranar Laraba ya sa farar rigarsa ta Sallah, abin da bai taɓa yi ba don hawa babur. Hanyar Kwarin Ɗinya ba ta da daɗi amma tana da kyau. Daga Roni ake sauka titi, a ratsa gonakin dawa da aka girbe, sai duwatsu su fara matsowa ta dama da hagu, manya-manya, wasu a ɗore kan wasu kamar an jera su da hannu. Yau bai tsaya nuna komai ba. Gaba kawai yake yi, motar tana faman bin sa.

Abin da ya fara lura da shi shi ne ramin ƙofar gidan. Shekara da shekaru akwai wani kwazazzabo da ruwa ya ci a gaban zauren, sai an kewaye shi, yau kuwa wuri ya yi sumul, babur ɗinsa ya bi ta kai ko girgiza bai yi ba. Sai ya ɗaga kai. Fuskar zauren kore ce shar, tana ƙyalli. Dattawan ƙauyen suna jere a kan tabarmi, Maikasuwa a gaba cikin babbar riga, dariya har kunne. Warin fenti ya cika wurin.

Ukasha ya kafe babur, ƙafafunsa suka ɗauke shi zuwa ciki, yana gaya wa kansa ai waje kawai suka taɓa. Ciki an yi masa fenti ruwan madara daga sama, shuɗi daga ƙasa. Banguna huɗu santsi kamar bayan faranti. Ba dagi, ba takobi, ba keke. Ya kai tafin hannu ya shafa, siminti ne, da sauran sanyinsa.

"Yaya ka gani?" Maikasuwa ne a bayansa, Lubna tana biye da kyamara a wuya. "Tun ranar da ka faɗa mini na kasa sukuni. Na ce yaya za a yi baƙi su taso tun daga Dutse su tarar da mu a cikin bangon ƙasa duk tsaga, a kai mu littafi duniya ta yi mana dariya, kai ma da ka kawo su ka ji kunya. Raguna biyu na fitar. Birkilan daga Kazaure na ɗauko shi, ba na nan ba."

"Zanen fa, Alhaji?" Muryar Lubna ce, a hankali. "Yana ƙarƙashin simintin?"

"Ina! Hajiya, ai birkilan ya ce siminti ba ya kama wannan tudu-tudun, sai an kankare. Kwana biyu matasa suka yi da fartanya, ƙasar nan tauri gare ta kamar dutse, mutanen zamanin da sun iya aiki. Kuma ba mu yi asararta ba, ita muka cike ramin ƙofar gida da ita, don motarku ta samu wurin tsayawa."

Ukasha ya duba ta ƙofa. Motar tana tsaye daidai wurin, babur ɗinsa a gefenta.

Kowa yana jiran abin da Ukasha zai ce, don shi ya kawo baƙin, shi aka yi wa karar. Ga mutum ya sayar da ragunansa, ya hana kansa barci, don kada ya kunyata shi. Ukasha ya ce, "Aiki ya yi kyau, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

"Amin, amin. Hajiya, bismilla, a ɗauka."

Lubna mace ce mai hankali. Ta kunna fitilarta, ta ɗauki bangon ta ciki, ta fita ta ɗauki koriyar fuskar, ta jera Maikasuwa da dattawa a ƙofa ta ɗauke su. Aka kawo shinkafa da zabi, da fura mai sanyi. Ukasha ya ci, don in bai ci ba za a tambaya. Da aka kira azahar ya karɓi buta ya fita, ya tsugunna a gefen motar. Ƙasar wurin an daddaɓe ta, amma ana ganin ɓarɓashin fari da ja a ciki. Ya riƙa tona ƙananan guntaye da yatsa yana juya su, ko zai ga sawun layin nan uku a jikin ɗaya. Mafi girmansu bai kai goro ba.

"Wani abu ne ya faɗi?" Maikasuwa ya leƙo.

"A'a, makulli nake dubawa. Ga shi ma a aljihu."

A hanyar komawa, da suka shiga tsakanin duwatsu inda ba kowa, motar ta yi masa fitila ya tsaya. Lubna ta fito da littafin rubutunta da biro, ta same shi a inuwar wani dutse.

"Baba, ka yi haƙuri. Da na sani da ranar da ka faɗa mini mun wuce kai tsaye, ko da waya ce na ɗauka."

"Ba laifinki ba ne, Malama. Ba na Alhaji ba ne kuma. Magana ɗaya ce ban faɗa ba."

"Ko za ka zana mana shi a nan? Yadda kake tunawa. Sai in ba mai zane ya gyara, mu sa da sunansa."

Ya karɓi biron. A idonsa bangon yana nan ƙarara, har tsagar da ta ratsa ƙafar keken yana gani. Ya ɗora biro ya ja layi, ya lanƙwasa, ya nemi inda dagin ke shiga ƙarƙashin kansa ya fito, ya rasa. Ya sake a wani shafin. Abin da ya fito ko ɗan firamare ba zai nuna wa malaminsa ba. Shekara arba'in yana kallon zanen nan, bai taɓa sanin ta ina aka fara shi ba, kuma wanda zai nuna masa ya so ya nuna masa a lokacin da shi ba ya so. Ya miƙa mata littafin, ya juya baya, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko a ranar da ya iso ya tarar an riga an binne uban. Lubna da direbanta suka koma mota suka jira shi, ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Da ya ba Uwa labari, washegari ya ga idonta a kumbure. Ta ɗauka ita ta jawo, da ta bar shi da ƙaryarsa da zauren yana nan. Ya ce mata ba haka ba ne, ita kuwa ba ta yarda ba, shi ma bai matsa ba.

Littafin ya fito bayan wata takwas. Madatsar ruwan Kazaure ce a bangonsa. A ciki akwai duwatsun Roni, da mai zanen ƙwarya, da raƙuman Babura, kuma a shafin godiya an rubuta sunan Malam Ukasha Daudu, wanda ya nuna hanya. Sadiyya ta karanta masa layin sau biyu. Kwarin Ɗinya ba ta ciki, don ba abin da za a ce baƙo ya je gani.

Sai dai Maikasuwa bai manta ba. Duk ranar kasuwar Roni da suka haɗu sai ya tambaya, "Malam Ukasha, littafin namu fa?" Ukasha ya ce ana kan aiki, ya ce injin buga littafi ne ya lalace, ya ce an canja shugaban ofis. Da ƙaryar ta ishe shi sai ya sa Sadiyya ta kira Lubna, ya roƙe ta alfarma guda, ta wanke masa hoton nan na ƙofar zaure, babba. Ta aiko da shi ta motar haya, an sa shi a gilashi.

Bayan babbar Sallah ya ɗaure hoton a bayan babur ya tafi, kamar yadda ya saba zuwa kowace shekara. Ya ce wa Maikasuwa littafin ya cika ba a samu wuri ba, amma ofis ya aiko masa da wannan na musamman. Maikasuwa ya riƙe hoton da hannu biyu, ya kira mutanen gida su gani, ya aika a kawo ƙusa da guduma. Ya zaɓi wuri a saman ƙofa ta ciki, ya ce Ukasha ya fi shi tsawo, shi zai riƙe.

Ukasha ya ɗaga hoton ya manna a bango.

"Ka san abin da nake tunani?" in ji Maikasuwa, ƙusa a tsakanin haƙoransa. "Da mahaifinka yana raye ya ga yadda muka gyara masa zaurensa, wallahi da ya ji daɗi."

"Allah ya jiƙansa," in ji Ukasha.

"Amin. Ɗan matsa shi dama kaɗan."

Ya matsa shi, ya riƙe da kyau har aka gama buga ƙusar.